Shin da gaske ƙwayoyin ƙasa na cinye man da ya malala a gona?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A tsakiyar daminar nan wata tankar man gas ta kife a bakin titi, man ya malalo ya shiga gefen gonarmu ta fadama, inda muke noman rani. Masarar da ke wurin duk ta mutu, kuma har yau in ka tona ƙasar wari take yi. Wani mutum ya zo mana da wani ruwa a jarka, ya ce ƙwayoyin halitta ne masu cinye mai, wai in an fesa cikin sati biyu ƙasa za ta dawo yadda take, kuma kuɗin da ya yanka ba kaɗan ba ne. Shin da gaske akwai irin wannan abu? Sannan akwai rijiyar da muke sha kamar taku arba'in daga wurin. Me za mu yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar muku da alheri, Malam, ya kuma tsare gaba. Abu uku ka tambaya: ko akwai halittun da ke cin mai, ko abin da ke cikin jarkar ya cancanci kuɗinsa, da kuma makomar rijiyarku. Na ƙarshen ne ba ya jira, don haka ku dakatar da shan ruwan nan daga yau har sai an gwada shi, dalilin yana tafe. Na farkon kuwa gaskiya ne, akwai su. Sai dai mai jarkar bai gaya muku cewa dangin halittun da yake son sayar muku suna cikin ƙasar gonarku tun kafin a haifi kakanninku ba. Abin da suka rasa yanzu iska ce, da taki, da danshi daidai wa daida.

Abin da ke cin man

Gas da fetur da kananzir duk daga ɗanyen mai ake tace su. Shi kuma ɗanyen mai ragowar ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu, laka ta binne su tun miliyoyin shekaru, zafi da nauyin ƙasa suka narkar da su. Ginshiƙinsa sinadarai biyu ne, kabon da haidirojin, waɗanda ke cikin duk abincin da mai rai ke ci. Tun kafin ɗan Adam ya haƙa rijiyar mai ta farko, mai yana tsattsafowa da kansa daga tsagar duwatsu, a ƙasan teku da kan tudu. Ko kakin da ke sa ganyen itace sheƙi dangin wannan sinadari ne. Saboda haka akwai halittun da Allah ya hore wa cinsa tun tale-tale.

A cikin cokali ɗaya na ƙasar noma mai kyau akwai bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, ɗaruruwan miliyoyi. Masu iya cin mai a cikinsu 'yan tsiraru ne, yawanci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Da zarar mai ya zuba, waɗanda ba su jure shi sai su mutu ko su yi likimo, masu cinsa kuwa su samu fili su hayayyafa, cikin 'yan makonni su zama su ne masu rinjaye. Waɗanda muka fi cin karo da su idan muka raini samfurin ƙasa a faranti a ɗakin gwaji su ne Pseudomonas, Rhodococcus, Acinetobacter da Bacillus, sai wasu nau'o'in funfuna. A teku akwai wani, Alcanivorax borkumensis, da aka bayyana a 1998 bayan an samo shi kusa da tsibirin Borkum na Jamus. Shi ko sukari ka ba shi ba zai ci ba, mai yake so.

Yadda suke aikin shi ne su liƙa oksijin a jikin ƙwayar man, daga nan su riƙa gutsurarsa kaɗan-kaɗan har ya koma iskar kabon da ruwa da sabon jikin su kansu ƙwayoyin. Ka riƙe maganar oksijin ɗin nan da kyau, domin duk sauran bayanina a kanta ya rataya. Kilo ɗaya na mai yana cin oksijin kimanin kilo uku kafin ya ruɓe gaba ɗaya. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, amma litar ruwa guda a irin zafin ƙasarmu da ƙyar take riƙe miligiram 8. Ka ga ke nan ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta, kamar fadama a watan Agusta, ƙwayoyin cikinta a shaƙe suke. Akwai masu aiki ko babu oksijin, amma tafiyarsu ta hawainiya ce, abin da za a gama a watanni sai ya ci shekaru.

Ba kuma duk sassan mai suke ci da sauri ɗaya ba. Kamar mai cin nama ne, tsoka yake fara cinyewa, ya zo ga jijiya ya yi ta fama, ƙashi kuwa ya bar shi. Sinadaran da ƙirarsu miƙaƙƙiya ce su ke fara tafiya, sai masu rassa, sai masu zobba da yawa a haɗe, waɗanda wasunsu ke haddasa kansa, sannan ragowar mai kama da kwalta da kusan ba ya taɓuwa. A nan kun yi sa'a ta wani gefen, domin mafi yawan man gas yana cikin abin da ke ciwuwa. Da ɗanyen mai ne ko baƙin man injin mota, da maganata ta fi haka nauyi.

Ba a ɗakin gwaji kaɗai aka ga wannan ba. A watan Maris na 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya yi karo da dutse a gaɓar Alaska ta Amurka, ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11 ya tsiyaye. Bayan kwashewa da wanki da ruwan zafi, abin da aka bi aka zuba a gaɓar nan mai tsakuwa taki ne, wani mai manne wa mai da ake kira Inipol EAP 22, da wani mai narkewa a hankali, Customblen. Binciken da ya biyo baya ya nuna inda takin ya isa sosai, saurin ruɓewar man ya ninka sau uku zuwa biyar. Duk da haka, fiye da shekara ashirin bayan nan masu bincike na tona ƙarƙashin tsakuwar wasu wurare su tarar da mai kusan yadda ya zuba, saboda iska da taki ba su ratsa zuwa can ba. A 2010 ma da rijiyar Deepwater Horizon ta fashe a Tekun Meksiko, ƙwayoyin cikin tekun, waɗanda suka saba da man da ke tsattsafowa a can, su suka cinye kaso mai yawa na iskar gas da sassan man masu sauƙi, ba tare da an kawo musu ɗauki daga kwalba ba.

Maganar jarka

Hanya biyu ce ake bi. Ko dai a ciyar da ƙwayoyin da ke wurin, ko a ƙaro wasu daga waje. Ta biyun ta fi daɗin talla, shi ya sa aka daɗe ana zuba mata kuɗi. Tun a shekarun 1970 wani masani ɗan asalin Indiya, Ananda Chakrabarty, da ke aiki da kamfanin General Electric, ya haɗa wani Pseudomonas mai cin nau'o'in mai da yawa lokaci guda. Shari'ar neman haƙƙin mallakarsa ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, ya yi nasara a 1980, amma ba a taɓa sakin halittar a kan wata malalar mai ba. A 1994 kuma masu bincike na hukumar kare muhalli ta Amurka suka zuba mai da gangan a wasu filaye da suka keɓe a gaɓar Delaware. Wasu aka bar su haka, wasu aka sa musu taki, wasu taki da ƙarin ƙwayoyi. Taki ya hanzarta aikin, ƙarin ƙwayoyin kuwa bai kawo wani bambancin a-zo-a-gani ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙwayar da aka raina a tanki, cikin sanyi da abinci a shirye, in ka watsa ta a gona za ta tarar da 'yan gida da suka saba da zafin wurin da gishirinsa, ga wasu ƙananan halittu masu farautarta. Yawanci cikin 'yan kwanaki adadinta ke faɗuwa. Balle a ce jarkar ta sha rana a bayan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan.

Ba cewa nake yi ƙaro ƙwayoyi ba ya da gurbi ba. A Indiya cibiyar bincike ta TERI ta haɗa wani da ta sa wa suna Oilzapper, kuma an yi aiki da shi a kan dagwalon matatun mai, inda man ya yi kauri har 'yan gida suka ƙare. Amma ko a can sai an haɗa da taki da ban-ruwa da juya ƙasa, kuma watanni ake yi. Wanda ya ce maka sati biyu, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san ba za ka gwada ƙasar ba.

Abin da ya fi damuna da irin waɗannan jarkoki wani abu ne daban. An sha kawo mini su in duba, wasu da ka girgiza sai kumfa ta taso har wuya, ƙamshi ya bugi hancinka. Sabulun ruwa ne aka sa wa turare. In aka fesa, ƙyallin man ya ɓace daga ido, warin ya ragu, mai gona ya yi godiya. Alhali sabulun ya warware man ne ya haɗa shi da ruwa, ruwan ya nutsa da shi ƙasa, wato inda rijiya ke sha. Idan kana son yi wa mutumin adalci, ka ware masa fangali ɗaya, ka ware wani kusa da shi mai irin gurɓatarsa, ku yi wa duka biyun taki da juyi iri ɗaya, nasa kaɗai a fesa wa ruwan jarkar. Bayan wata biyu a kai samfurin kowanne ɗakin gwaji, kuɗinsa ya biyo bayan sakamako. Ka kuma nemi ya nuna maka sunayen halittun da ke ciki, da ranar da aka haɗa, da takardar amincewar hukuma.

Darasin Ogoni

Babu inda ya fi koya mana iyakar wannan hanya kamar yankin Ogoni na Jihar Ribas. A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta miƙa wa gwamnatin Najeriya rahoton bincikenta a can. A Nisisioken Ogale ta tarar mutane na shan ruwan rijiya mai ɗauke da benzin, wani sinadari na cikin mai da ke haddasa kansar jini, fiye da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. A wurin an samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ce dawo da muhallin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya kuma ba da shawarar a fara da asusun dala biliyan ɗaya.

Abin da ya shafi tambayarka kai tsaye shi ne hukuncin da rahoton ya yanke kan hanyar da kamfanin Shell ke bi wajen gyaran filayen da mai ya zuba, wato juya ƙasar sama a sa mata taki a bar ƙwayoyi su yi aikinsu. Ya ce hanyar ba ta yi tasiri ba. An gina ta a kan zaton cewa akwai shimfiɗar yumɓu da za ta tare man a sama, sai bincike ya nuna a wurare da dama ya nutsa fiye da mita 5. Sama ta yi tsaf, ciyawa ta tsiro, ƙasa kuwa na nan jiƙe da mai, ruwan sama na ƙara tura shi. Shi ya sa a aikin gyaran muhallin Ogoni da hukumar gwamnati ta HYPREP ke yi, wanda aka ƙaddamar a garin Bodo a watan Yunin 2016, ake tono gurɓatacciyar ƙasar a kai ta wani ƙeɓantaccen wuri da aka shimfiɗa wa abin da ruwa ba ya ratsawa, a yi mata magani a can, sannan a mayar. Ƙwayoyin dai su ne, bambancin shi ne an kai musu iska.

Aikin da ke gabanku a gonar

Kafin komai ku san zurfin da man ya kai. Ku haƙa ƙananan ramuka a tsakiyar wurin da gefunansa da kuma ɓangaren da ke fuskantar rijiya. Duk bayan taƙi ɗaya na zurfi ku ɗebi ƙasa kaɗan ku jefa a kwalba mai haske da ruwa a ciki, ku girgiza ku ajiye. In akwai mai za ku ga launukan bakan gizo sun taso a saman ruwan. Ƙasar da mai ya daɗe a cikinta ba iska takan koma launin toka mai duhu, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi, ta bambanta da jar ƙasa ko baƙar lakar da ke kusa. Ku sa safar hannu da takalmin roba, ba sigari, ba yara, kada kuma kowa ya sunkuya da kansa cikin rami yana shaƙa. Abu biyu kuma kada ku yi ko da wasa: cinna wa wurin wuta, domin tana kashe ƙwayoyin ta bar ɓawon da ruwa ba ya ratsawa, da kuma sako ruwa da inji don a wanke.

In man bai wuce santimita 30 ba, wato iya inda garma ke kaiwa, kuma wurin ya tsane, za a iya aikin a inda yake. Amma ka ce fadama ce, fadama kuwa laka ce mai riƙe ruwa, kuma ruwan ƙasa a kusa yake. Shawarata ku kwashe duk ƙasar da ta nuna alamar mai, har ku ɗan zarce, ku kai ta kan tudu nesa da rijiya da magudana. Ku daddale wurin, ku shimfiɗa leda mai kauri ko tampol, ku yi masa kunya kewaye don kada ruwa ya fita, sannan ku baza ƙasar, kaurinta kada ya wuce santimita 30.

Sai taki. Mai kusan dukkansa kabon ne, ba naitirojin ba fosfaros, ƙwayoyi kuwa ba za su gina jiki ba sai da su. Ma'aunin da aka saba farawa da shi shi ne kabon 100, naitirojin 10, fosfaros 1. Bari in buga maka misali, lissafi ne kawai, ba awon gonarka ba. A ce wurin mita 20 ne tsawo mita 20 faɗi, zurfi santimita 30. Ƙasar za ta kai tan 170 ko kusa da haka. In mai kashi ɗaya cikin ɗari ne na nauyinta, kilo 1,700 ke nan, kabon a ciki kimanin kilo 1,450. Naitirojin da ake nema ya kai kilo 145, yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari ce naitirojin, wato buhu shida mai kilo 50 da ɗan ɗori. Wannan shi ne ƙololuwa. A aikace ba na kaiwa nan, kuma ba na zubawa lokaci guda. Yuriya in ta yi yawa tana sakin amoniya ta ƙona ƙwayoyin da ake son ciyarwa, saura kuma ya zarce cikin ruwa ya zama wata sabuwar matsala. Ku raba ta kashi uku ko huɗu, tsakanin kowanne makonni uku zuwa wata ɗaya, ku haɗa da kamfa kaɗan ko sufa saboda fosfaros.

Ni dai na fi son kashin kaji da ya ɗan sha iska a kan takin buhu zalla. Yana da naitirojin da fosfaros, yana sakinsu a hankali, yana kwance laka, ga shi yana zuwa da nasa ƙwayoyin kyauta. Kashin shanu ma yana yi, sai dai bai kai shi ƙarfi ba. Don laka ta buɗe iska ta shiga, ku cakuɗa da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa. Dusar katako tana yi, amma tana satar naitirojin, don haka in ita kuka samu sai ku ƙara taki.

Danshi ne inda aka fi yin sakaci a wajenmu. Ka damƙi ƙasar a tafin hannu ka matse. In ta dunƙule, ka taɓa ta da yatsa ta warware, daidai ke nan. In ruwa ya ɗigo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, iska ta toshe. In ta zube kamar gari, ƙwayoyin sun tsaya cak. Da hunturu ƙasar da aka baza takan bushe cikin kwana biyu, da bazara kuma zafin samanta yakan wuce abin da ƙwayoyin ke jurewa, domin sun fi aiki tsakanin digiri 20 zuwa 40. Ku riƙa yayyafi da butar ban-ruwa, ku rufe da kara ko ciyawa. Juyi kuwa sau ɗaya a mako da fartanya ko garmar shanu, har ƙasa, ana farfasa hoge. Duk hogen da ba a fasa ba, cikinsa na nan yadda yake ranar da tanka ta faɗi. Na sha fasa hoge a filin da aka ce an gama da shi, bayansa fes, tsakiyarsa baƙi ƙirin yana warin gas.

In akwai ɓangaren da ya jiƙe sharkaf har yana shafa maiƙo a hannu, ya wuce ƙarfin ƙwayoyi a yadda yake, domin mai in ya haura kashi biyar cikin ɗari su ma guba ne gare su. Sai an fara tsane shi da ɓuntu, a gauraya da wadda ba ta kai shi ba.

Lokaci fa? Jagorar hukumar muhalli ta Amurka ta ce irin wannan aiki yakan ɗauki wata shida zuwa shekara biyu, kuma da wuya a sauke fiye da kashi 95 cikin ɗari. Zafin ƙasarmu yana taimaka mana, ga man gas mai sauƙin ci, don haka in an kula, wata uku zuwa shida ana ganin babban canji. Amma saukar tana yin sauri ne da farko, daga baya ta lafa, saboda abin da ya rage shi ne mai taurin da wanda ya maƙale cikin laka. Rashin wari ba shaidar gamawa ba ce. Ƙa'idojin muhalli na harkar mai a Najeriya, da ake kira EGASPIN, sun sa miligiram 5,000 na mai a kowane kilo na ƙasa a matsayin matakin da dole a ɗauki mataki, 50 kuma matakin da ake fatan kaiwa. Na ga masu kwangila na murna da sun sauko ƙasa da 5,000. A gonar da za a shuka abin kaiwa baki, ni ban yarda da wannan ba.

Kafin ku kashe kuɗin gwaji na ƙarshe akwai wanda za ku yi a gida. Ku cika roba biyu, ɗaya da ƙasar da aka gyara, ɗaya da lafiyayyar ƙasar gonar, ku shuka ƙwayar wake ko masara adadi ɗaya a kowace. Bayan kwana goma ku ƙirga waɗanda suka tsiro, ku tuge ku gwada tsawon saiwa. In ta farkon ta yi baya sosai, da sauran aiki. In sun yi kusan kai ɗaya, a kai samfuri. A kakar farko ku shuka abin da ba za a ci ba, kamar ciyawar jema, ko wake a nome shi cikin ƙasa tun yana ɗanye, domin ƙwayoyi sun fi yawa da kuzari a kewayen saiwa. Karas da albasa da dankali da ganyen miya su jira sakamakon gwaji.

Ga masu karatu da matsalarsu baƙin mai ne, irin filin da ya taɓa zama garejin makanikai, a kula: baƙin mai na ɗauke da ƙarafa kamar dalma da zink, kuma babu ƙwayar da ke ruɓar da ƙarfe. A Zamfara a 2010, da gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kimanin 400, kankare ƙasar gidajen aka yi aka kwashe, aka kawo sabuwa. Irin wannan fili sai an gwada ƙarafa daban, ko da man ya ƙare.

Rijiyar

Taku arba'in ba nisa ba ne a fadama. Man da ya nutsa yana sauka har ya taras da ruwa, sai ya kwanta a kansa tunda ya fi shi sauƙi. Da damina ruwan ya hau da shi, da rani ya sauka da shi, yana shafa shi a jikin ƙasa tsakanin matakan biyu, kullum wani abu na narkewa yana bin hanyar da ruwan ke gangarawa. Ga wani haɗarin da ya keɓanta da ku masu noman rani: da kun kunna injin ban-ruwa a wannan rijiya ko wata kusa da ita, ruwan kewaye zai riƙa gangarowa wajenta, yana jawo gurɓatar. Rijiyar da take lafiya yau tana iya ɓaci a watan Fabrairu.

Ƙwayoyi na aiki a can ƙasa ma, sai dai a hankali ƙwarai. A garin Bemidji na jihar Minnesota a Amurka bututun ɗanyen mai ya fashe a 1979, masana suka mayar da wurin filin nazari. Sun ga ƙwayoyi sun hana narkakkiyar gurɓatar yin nisa fiye da 'yan ɗaruruwan mita, amma bayan shekara arba'in man na nan kwance a kan ruwan. Hanzarta wannan aiki yana buƙatar haƙa rijiyoyin awo, zuƙe man da ke sama, da hura iska da inji ta bututu. Aikin ƙwararru ne da kayan aiki, kuma ba wanda zai tsara shi daga nesa bai ga wurin ba, har da ni. Kada wani ya zuba taki ko ruwan jarka a rijiya da sunan magani.

Iyakar benzin a ruwan sha a wajen Hukumar Lafiya ta Duniya maikirogiram 10 ce a lita, hanci kuwa ba ya jin wannan. Tafasawa, alif, ko sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ba su mayar da irin wannan ruwa abin sha. Dabbobi ma kada a ba su. Wajen ɗibar samfuri a yi amfani da kwalbar gilas mai duhu, ba gorar roba ba, a cika ta fal ba gurbin iska, a rufe gam, a sa cikin ƙanƙara, a kai da wuri. A nemi a auna jimillar sinadaran mai, da benzin da danginsa, da masu zobba da yawan nan. Sashen kimiyyar sinadarai ko na ƙasa a jami'ar da ke kusa da ku zai iya yi ko ya nuna muku inda ake yi. A gwada sau biyu aƙalla, yanzu da kuma tsakiyar rani.

Duk wannan kuɗi ne, kuma bai kamata ya hau kanku ku kaɗai ba. Hukumar NOSDRA, da aka kafa da dokar 2006, ita ke da alhakin sa ido kan malalar mai a Najeriya, kuma dokar ta ɗora wa wanda ya zubar kai rahoto cikin awa 24 da kuma gyara wurin. Ku rubuta mata, ku ba ma'aikatar muhalli ta jiharku kwafi, ku sa dagaci ko mai unguwa ya shaida. Ku haɗa da lambar tankar da sunan kamfanin in kun riƙe, da hotunan masarar da ta mutu, da awon faɗin wurin. Samfurin ƙasa na farko a ɗebe shi a gaban shaidu kafin garma ta taɓa wurin, a raba biyu, ɗaya ya tafi ɗakin gwaji nan take, ɗaya a rufe a kwalbar gilas a ajiye cikin sanyi, domin bayan wata uku na juyi da taki awon ba zai ƙara nuna yawan man da ya zuba ba.